Shekarar da Ruwa Ya Ƙi Janyewa

Markar bana ta zauna mana kamar ba za ta tashi ba. Kwana da kwanaki ba mu ga rana sosai ba. Itace ya jiƙe, ashana ta yi sanyi, bangon ɗakina na gabas ya riƙa zufa. Gero yana gona ya fid da kai amma bai nuna ba, na bara kuwa ya kai gindin rumbu. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan tsakanin. Ni in ya zo, cikina yakan riga kaina tunawa.

A wannan zaman ɗakin ne na riƙa karanta wani littafi da autana ya kawo mini daga makaranta, labari ne da aka juya zuwa Hausa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, ina goye da yaro, saboda haka da yatsa nake bin layi, in ido ya gaji in kife shi a kan faifai. Labarin wata yarinya ce a wata ƙasa mai nisa, lokacin wani babban yaƙi. Sojoji suka kwashe su, ita da uwarta da mutanen unguwarsu, aka zuba su a wani fili da aka kewaye da waya, aka tsare su shekaru ba su yi laifin komai ba.

Wanda ya rubuta ya san yunwa, ko kuma ya zauna da wanda ya santa. Na gane haka a inda ya ce yaran wurin sun daina wasa ba tare da kowa ya hana su ba. Da kuma inda uwar kullum take cewa ita ta riga ta ci. Sai na zo shafin da yarinyar take gutsure ɗan abin da aka ba ta tana cusawa cikin matashin kanta. Nan na rufe littafin, na daɗe ina kallon ruwa yana zuba daga indararo. Ban san washegari da safe zan ga abin a cikin gidana ba.

Zuwaira ɗiyata ce ta uku, tana aure a wani ƙauye ta wajen Shanga. Farkon damina 'yan bindiga suka tashe su. Suka bar shuka a gona, suka yi makonni a azuzuwan wata makarantar firamare tare da mutanen ƙauyuka da yawa, ana raba musu abinci ranar da aka samu. Da mijinta ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya sa ta a mota ita da ɗiyarsu Safiya, ya turo mini su nan bakin tafki kusa da Wara, shi kuma ya wuce Yelwa neman aikin hannu. Safiya ba ta wuce shekara takwas ba. Da can in ta zo hutu sai na roƙe ta ta yi shiru in yi salla. Wannan karon shiru ta zo da shi.

Da safen nan Zuwaira ta ɗaga tabarmar yarinyar za ta kakkaɓe, sai na ji ta ɗaga murya.

"Inna! Zo ki ga abin da yarinyar ga ta yi muna."

A ƙarƙashin tabarmar akwai leda da tuwon shekaranjiya ya yi fumfuna, da ƙanzo, da guntun dafaffen rogo, tururuwa sun yi layi har bakin ƙofa. Safiya tana tsaye jikin bango. Ba hannun uwarta da ke sama take kallo ba, ledar take kallo.

"Mi anka hana miki a gidan ga?" in ji Zuwaira. "In ba ki ƙoshi ba ki ce a ƙara miki mana! So kike a ce Inna ba ta ba mu abinci?"

"Sauke hannunki," na ce.

"Inna, ba yau ta fara ba. Na yi faɗa, na yi duka, sai dai ta sake maɓoya. Ko iska ce ta taɓa ta a makarantar nan? Ni gobe wajen malam za ni kai ta."

"Ba iska ba ce. Zauna. Kin san Inna Dije, amma akwai abin da ba ki sani ba."

Dije ƙanwata ce, ita ke bi na. Ga abin da na faɗa wa Zuwaira, Safiya tana daga jikin bango tana ji.

An haife mu a wata tunga a bakin kogi, wurin da yanzu jiragen inji ke wucewa ta kansa. Mu ba masunta ba ne, manoman albasa ne. Kogin nan yana da ƙa'idarsa, kowane yaro ya santa. Ƙarshen damina farin ruwa ya zo, mai laka, ya hau gaɓa, ya kwana biyu, ya janye ya bar mana danshi da baƙar ƙasa. Can cikin sanyi sai baƙin ruwa ya biyo, shi garau yake, amma ba ya kai inda farin ya kai. A tsakanin alamun nan biyu Baba yake yin fangalinsa, ya yafa iri, ya yi dashe, ana ɗibar ruwa da ƙwarya ana watsawa. Albasa ita ce hatsinmu. A loda ta a jirgi a kai Yelwa, a dawo da dawa da gero.

Ina kamar shekarun Safiya aka gama dam ɗin Kainji, aka ce mu tashi. An gina mana gidaje a tudu, na siminti, a jere, duk kama ɗaya, rufinsu a lanƙwashe kamar an kife jirgi. Ranar farko Dije ta fita ta kasa gane ƙofarmu, aka same ta a gidan wasu tana kuka. Sai da Innarmu ta ɗaura jan tsumma a ƙofa.

Ba zan ce namu ya kai na mutanen littafin ba. Ba wanda ya tsaya a kanmu da bindiga, ba a kewaye mu da waya ba. Ruwa ne a gabanmu, a bayanmu kuma dajin da ba mu taɓa sa wa fartanya ba. Amma da na karanta yadda yarinyar take tsayawa jikin waya tana kallon hanya, Baba na gani, tsaye a bakin ruwa, hannu a baya, yana kallon inda rumbunanmu suke da.

Mutanen gwamnati sun gaya wa manya cewa wannan ruwan ba irin na da ba ne, ba zai janye da kaka ba. Baba yana wurin, ya ji da kunnensa. Da ya dawo gida ya ce wa Innarmu, "Yaron da bai taɓa riƙa ƙwaryar ban ruwa ba, shi za ya gaya min halin kogin da nike sha tun ina ciki?" Ba shi kaɗai ba, duk mazan tungarmu haka suka ce.

Da damina ta ɗauke, ya sauka bakin ruwa ya yi fangali a inda idonsa ya gaya masa ruwa ya gama hawa. Ya yafa irin da muka taho da shi daga tsohon gida. Ya kafa kara a bakin ruwa don ya ga ranar da zai fara sauka. Kullum da safe in na kai masa kunu sai in same shi a tsugune gaban karan nan.

"Gobe za ya juya," yake cewa. "Ya gaji."

Irin ya tsiro, siriri kamar allura, kore shar. Ruwan kuwa bai juya ba. A hankali yake hawa, ba ƙara, ba igiya, kamar mai sanɗa. Wata safiya na iso na tarar babu fangali. Ana hango tsiron a ƙarƙashin ruwa yana kaɗawa, ƙananan kifaye suna yawo a tsakaninsa. Baba ya karɓi kunun bai sha ba.

Suka matsa sama suka sake yi. Ba a iya nisa da ruwa, tunda da ƙwarya ake ban ruwan. Wannan karon har an kusa dashe, sai baƙin ruwa ya zo a kan lokacinsa, ya tarar farin bai tafi ba, ya hau kansa. Na biyun ma ya tafi.

Irin a hannun Innarmu yake, ita ke sussuke shi ta adana. Baba ya shigo da laka har gwiwa ya ce, "Kawo sauran."

"Babu saura, Malam."

"Na ga kamar ya fi haka yawa."

Ta ci gaba da tankaɗenta ba ta ɗago ba. "Iyakarsa ke nan."

Shekarar nan ba jirgin albasa ko ɗaya da ya tashi daga tungarmu. Sai da bazara ta shigo, lokacin da albasa ba ta son ƙasa, sannan ruwan ya ga dama ya janye. Ya bar laka mai wari da itatuwan da suka mutu a tsaye. Zafin shekarar nan har yau ina jin sa a tsakiyar kaina. Rufin gidajen ya ɗauki rana ya riƙe, da azahar ɗaki kamar tanda, sai mu kwanta a inuwar bango a kan jiƙaƙƙen buhu, kafin a jima ya bushe ƙamas. Hatsin da muka taho da shi yana ta sauka. Tuwo sau biyu ya koma sau ɗaya. Daga nan ya koma kunu, kunun ma ana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Aka sayar da akuyoyi. Aka sayar da tasoshin auren Innarmu. Muka shiga tonon muruci a gindin giginya, muka shiga ruwa har ƙirji muna cirar bado.

Da ruwan sama ya sauka maza suka haɗa gayya don sharar tudu, yau gonar wannan, gobe ta wancan. A tsohon gida gayya da kiɗa ake yi, da tuwo da fura. Wannan babu makaɗi, babu fura, sai ƙarar fartanya tana dukan dutse. Kowa ya ɗaure cikinsa da rawani ya tamke. In ɗaya ya zauna ba a yi masa tsiya, a dai wuce da kuyyarsa. Mu mata da yara da asuba mu fita tsinkar tafasa da rama da yaɗiya. Innarmu ta dafa ganyen, ta matse, ta barbaɗa dusa da ɗan gishiri, ta raba a ƙoƙuna. Na Baba a kai gona. Namu mu ci a gabanta. In na ce, "Inna, ke fa?" sai ta ce ta ɗanɗana a wajen dahuwa ta ƙoshi. Ni ce ta fari, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce, "Ke, ci naki ki bar tambaya."

Muna da ƙane na goye, Sani. Nono ya ƙafe. Da farko yana kuka, daga baya ya daina. Cikin marka ya rasu, gero yana gona ya yi kai bai nuna ba, kamar dai na bana. An sha wuya wajen haƙa, ruwa yana ta cika ramin.

Bayan haka da kwanaki wani wari ya tashi a ɗakinmu. Baba ya bi warin har ƙarƙashin tabarmar Dije. Ganye ne da dusa, dunƙule-dunƙule, na kwanaki, duk ya ruɓe. Ashe rabonta take ragewa tana turawa can. Yarinyar da ake ƙirga haƙarƙarinta daga nesa.

Ban taɓa ganin Baba ya daki ɗayanmu ba, amma ranar ya ciro igiyar akuya. Ya tsaya a kanta. "Muna mutuwa, ke kina ruɓar da abinci? Don wa kika aje?"

Dije ta ce, "Don gobe."

Innarmu ta tashi. Ta kife turmi ta hau, ta sa hannu a wani lungu tsakanin bango da rufi, ta zaro ɗan gora da aka toshe bakinsa da tsumma. Ta sauko ta girgiza shi a gaban Baba. Kowa a ɗakin ya san wannan ƙarar, ta irin albasa ce.

"Ga nawa ɓoyon, Malam. Ya girmi nata. In duka ne, fara da ni."

Baba ya daɗe yana kallon goran. Na ɗauka faɗa zai tashi, don ba a taɓa jin Innarmu ta yi masa ƙarya ba. Sai ya saki igiyar, ya zauna a bakin ƙofa, ruwa yana ɗiga a kafaɗarsa.

"Da kin ba ni," ya ce, "da yanzu yana wajen kifi."

Innarmu ta sa wa goran zare, ta rataya shi a wuyan Dije. "Tunda kin iya ɓoyo, ga abin ɓoyo. Wanga ba ya ruɓewa in ba a bar shi ya jiƙe ba. Gidan ga duka yana cikinsa. Ke ce mai riƙo."

Dije ta riƙe goran nan har kaka. Da shi take kwana, da shi take zuwa tsinkar ganye, in ruwa ya taso ta cusa shi a hammata ta duƙa a kansa. Ɓoyon abinci ya ragu, ko da yake bai tafi duka ba. Da gero ya nuna muka ci tumu har cikinmu ya yi ciwo. Sannan Baba ya yi fangali can sama, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba, mu kuma muka riƙa jido da tulu, wuyanmu kamar ya karye. Ranar yafi Dije ta ƙi sakin goran. Sai da Baba ya tsuguna a gabanta, kamar yadda yake tsugunawa gaban karan nan, ya buɗe tafinsa ya ce, "Mai iri, a taimaka muna." Ta zuba masa, ta rage kaɗan a ciki ta toshe. Irin ya tsufa, fiye da rabinsa bai tsiro ba. Wanda ya tsiro ba mu sayar ba, aka bar shi ya yi fure.

Dije ta girma, ta yi aure, 'ya'yanta maza suna da shago a Yelwa, buhun shinkafa ba ya yankewa a ɗakinta. Bara waccan ta rasu. Da muka buɗe akwatinta don rabon kaya, a ƙarƙashin zannuwa muka tarar da ƙulli-ƙulli a tsumma: dawa, gero, busasshiyar kuɓewa, ƙanzo.

Da na kawo nan Zuwaira ta rufe bakinta da gefen mayafi. "Ashe shi ne ƙulle-ƙullen nan? Inna, mu har dariya munka yi. Mun ce tsufa ne."

Ranar da yamma na koma ga littafin na ƙarasa. A ƙarshe yaƙi ya ƙare, aka buɗe ƙofar wayar, aka kawo abinci a manyan motoci, yarinyar ta ci ta ƙoshi, ta kama hannun uwarta suka fita. Na juya shafi ina neman saura, sai na ga farar takarda. Ban ce marubucin ya yi ƙarya ba, ya kai ta inda zai iya kai ta. Amma ni na so in san me ke cikin matashin kanta ranar da ta tsufa. Na so a gaya mini ko akwai wanda ya ɗaga mata hannu a kan haka bayan sun koma gida, da kuma ko akwai wanda ya ce a sauke.

Yanzu ba mai ban ruwa da ƙwarya. Inji ake tayarwa, tiyo ya kai ruwa har tudu. Iri ma a gwangwani ake sayowa a kasuwa. Ni dai har yau ina barin 'yan kawuna su yi fure a bayan gida, in sussuke in zuba a gora. Ba zan rantse jikan wancan irin ba ne, amma ban taɓa saye ba. Washegarin ranar da na ƙarasa littafin na sauko da goran na kira Safiya.

"Ke sarkin ɓoyo, zo nan. Ina da aiki, duk gidan ga ba mai iya shi sai ke."

Ta matso tana kallon uwarta ta gefen ido. Ta girgiza goran a kunnenta. "Kaka, ana cin shi?"

"Ɗanɗana ki ji, in kina son bakinki ya yi ɗaci har la'asar. Albasar baɗi ce. Kada ya jiƙe, kada ɓera ya gani. Ko uwarki kada ta san inda kika sa shi."

"Inna, ke ma kin shiga ciki ke nan?" in ji Zuwaira. Amma ba ta sake maganar malam ba, hannunta kuma bai sake tashi ba.

Har yau ban san inda yarinyar nan ta ɓoye goran ba, kuma gidan nawa ne. Wani lokaci in ina tsakar gida sai ta zo ta raɗa mini, "Yana nan," ta wuce. Maganar da ta fara yi mini ke nan ba tare da na fara yi mata magana ba.

Makon jiya ruwa ya ɗauke. Na sa aka gyara mini ɗan fangali a bayan gida. Safiya ta fito da goran, ta tsaya riƙe da shi a ƙirji, ta ƙi matsowa. Gwiwoyina ba sa son tsuguno yanzu, amma na tsuguna, na buɗe tafina. Ta matso. Sannan ta cire tsumman ta zuba mini, baƙi, ƙanana, suna sheƙi. Na ga ta karkata goran ta tara kaɗan a ɗaya hannun ta dunƙule.

"Buɗe hannun ki ba Kaka duka," in ji Zuwaira.

"Bar ta," na ce.

Safiya ta dube ni. "Kaka, in ruwa ya cinye wanga fa?"

"Sai mu zo wajenki."

Ta mayar da na hannunta cikin goran, ta toshe, ta ruga da shi.

Uban nata ya bugo waya ya ce har yanzu ba a komawa ƙauyen, gonar kuma ciyawa ta cinye. Ban san ranar da za su sami gida ba. Yau da safe ina shara na ɗaga tabarmar Safiya. Babu leda, babu tuwo. Guntun ƙanzo ne guda ɗaya, bai kai tafin hannunta ba, an naɗe shi da kyau a tsumma. Na share gefensa, na mayar da tabarmar yadda take.